Kun yi wa mai gaskiya dariya a kan gaiwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan shirinku na daren Asabar game da dabbobi masu ban al'ajabi, musamman abin da aka yi wa dattijon nan da ya bugo waya ya ce ya sha haƙo kifi da ransa daga busasshiyar ƙasa a tsakiyar rani. Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wannan ai sai a tatsuniya, sannan aka katse layin tun bawan Allah bai gama magana ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin dattijon gaskiya ya faɗa, kuma sunan kifin gaiwa.

Abin takaicin ma shi ne, mintoci kaɗan kafin wannan, mai gabatarwar ya gama ba mu labarin dabbar nan ta Ostireliya mai baki irin na agwagwa, wadda take yin ƙwai kuma take shayar da 'ya'yanta, har yana yi wa masanan Ingila ba'a cewa da fatarta ta isa hannunsu wajen 1799 sun zaci wani ne ya ɗinka bakin agwagwa a jikin wata dabba don ya yaudare su. Bai ankara ba ya aikata irin abin da ya zarge su da shi, alhali su daga wata uwa duniya aka kai musu abin, shi kuwa gaiwa tana nan a fadamun ƙasarsa.

Ni a yankin dausayin Haɗeja da Nguru na tashi. Ina yaro, kakana yakan tafi da ni fadama bayan ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, yana tafe a sunkuye yana neman wani ɗan rami da bai wuce yatsa ya shiga ba. Idan ya gani sai ya sa fartanya ya haƙa a hankali, ya ciro dunƙulen ƙasa ya fasa, sai ga gaiwa a naɗe, wutsiyarta ta rufe kanta, cikin wata siririyar jaka mai kama da ɓawon albasa, wadda da yauƙin jikinta ta yi ta. Ranar farko na ce matacciya ce, na kai hannu, ya buge min hannun ya ce haƙoranta ba na wasa ba ne. Da muka sa ta a ƙwarya muka zuba ruwa, ba a jima ba ta warware ta fara motsi.

Ba tsafi ba ne, ba kuma camfi ba. Gaiwa tana da huhu, kuma ta wannan ɗan ramin take shaƙar iska duk tsawon watannin da take jiran damina; ko a cikin ruwa dole ta riƙa tasowa tana shan iska, idan aka hana ta sai ta mutu. Ba ta cin komai a wannan zaman, tsokar jikinta ce take narkewa tana ciyar da ita, abin da ya sa mutanenmu suke cewa gaiwa jikinta take ci. Nau'i shida ne kacal na kifi mai huhu suka rage a duniya, huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya, kuma masana sun ce zuriyarsu ta kai kimanin shekara miliyan 400. Kun ɗauki sa'a guda kuna kewaya Meziko da Ostireliya, amma ko ayu na kogin Binuwai ba ku ambata ba, balle wannan.

Ina roƙon ku nemi dattijon nan ku ba shi haƙuri a kan iska kamar yadda aka kunyata shi a kan iska, ku kuma gayyato masunta su yi bayani da bakinsu. Sannan don Allah ku dubi lokacin shirin, domin tun da kuka matso da shi yake cin karo da sallar Isha'i, sai mun dawo daga masallaci muke tarar da rabinsa.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Nguru, Jihar Yobe