A daina canza nozul da ka, a fara gano silindar da ta mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana makanikai masu gyaran injin gas da kuma direbobin DAF da Howo. Mota na fara misin, tana kakkarwa a silo, sai ka ji oga ya ce a je Ƙofar Ruwa a sayo nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, gaba ɗaya, alhali bai ma san wace silinda ce ta daina aiki ba, kuma sau tari iska ce ta shiga layin mai ko filta ta toshe ko ruwa ne a cikin gas ɗin 'yan bumburutu.

A tsohon inji ai abin da sauƙi, ka bar shi a silo ka riƙa sassauta fayif ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya da sifana, wanda ka sassauta ƙarar injin ba ta canza ba to nan matsalar take. Amma kar wanda ya gwada haka a injin zamani da ake kira common rail, ƙarfin matsin man ya haura 1,500 a ma'aunin bar, yana huda fatar mutum. Can sai ɗan ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga, ka haska bakin kowace silinda a manifol, wato bututun da hayaƙi ke fita daga inji, wadda ta fi sauran sanyi ita ce ba ta ƙona mai. Shi ya kamata ƙungiyarmu ta makanikai, NATA, ta koya wa yaranmu.

Sai zafin hayaƙi, wanda shi ne ma ya fi damuna. Direba zai ce maka wallahi allurar zafi ba ta motsa ba, to ai waccan ruwan lagireto take aunawa, ba ruwanta da hayaƙi. An ƙara wa fanfon injekta mai wai don mota ta yi ƙarfi, ƙurar hunturu ta cika filtar iska (iyakilina), ga lodi ya wuce kima, a haka za a hau Hawan Kibo da babbar giya an take totur har ƙasa baƙin hayaƙi na tashi, manifol ya yi jawur. Alminiyon da ake fistin da shi wajen digiri 660 yake narkewa fa. Direba in ka ga baƙin hayaƙi a kan hawa ka sauko da giya, injin ya samu iska.

Naka,
Wani bakanike daga Kano