A Samar Wa Matasa Masauki Mai Araha A Abuja

Assalamu alaikum ya mai girma Edita, ina yi maka fatan alheri da kai da duk ma'aikatanka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato maganar wurin kwana ga talaka in ya shigo Abuja.

Tun 12 ga Disambar 1991 da gwamnati ta tare a Abuja kusan komai na ƙasar nan ya koma can, intabiyu na aiki, tantancewar masu shiga aikin ɗamara, biza a ofisoshin jakadanci, bin fayil a Sakatariya, jinyar ɗan uwa a babban asibiti, kai har 'yan fansho tsofaffi da sandarsu. Yaro zai taso daga Gusau ko Azare ko Mubi da kuɗin da uwarsa ta sayar da akuya ta haɗa masa, ya sauka a Jabi ko Utako bayan isha'i, an ce masa ƙarfe takwas na safe ya kasance a ofis, to ina zai kwana? Otal a cikin gari kwana ɗaya zai iya cinye abin da ya fi kuɗin motarsa zuwa da komawa, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Sai ka ga ya nufi Mararaba ko Nyanya wajen wani ɗan garinsu da shi ma su biyar ne a ɗaki, da asuba kuma ya faɗa go-slow ɗin hanyar Keffi, ga tsoron 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, ya isa ofis a makare rigarsa duk ta yamutse. Wanda ba shi da kowa kuma sai barandar masallaci ko bencin tasha, ya yi matashi da jakarsa saboda takardun makarantarsa na ciki. Na gani da idona kuma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ni ɗan kasuwa ne, a da ina zuwa Bankok babban birnin Tailan sarin kaya a kasuwar Pratunam, kuma a can na ga yadda ake wannan abu. Suna da gidajen kwana da suke ce wa hostel, ba ɗaki ake kama maka ba, gado ɗaya tal za ka biya. Ɗaki guda gadaje masu hawa biyu irin na makarantar kwana, mutum shida ko takwas, kowane gado da labulensa da 'yar fitilarsa da soket na cajin waya a daidai kai, a ƙasa kuma loka ta ƙarfe ka sa kwaɗonka da kanka ka riƙe makulli. Banɗaki na haɗaka ne amma ana wanke shi safe da yamma, takalmi a bakin ƙofa ake barinsa, ɗakin mata daban ga mai so. Garin zafi ne da gumi, watan Afrilu ba a cewa komai, don haka akwai ɗaki mai fanka akwai mai AC, kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da na biya a dare bai kai bat 400 ba, kuɗinsu kenan. Kuma kafin a nuna maka gado sai an karɓi fasfo an rubuta, domin dokarsu ta shige da fice ta 1979 ta wajabta wa mai masauki ya sanar da hukuma baƙon da ya sauka a wajensa cikin awa 24.

Titin da ya yi suna a wannan harka shi ne Khao San a unguwar Banglamphu, ɗan gajeren titi ne da bai fi mita 400 da wani abu ba, a da kasuwar shinkafa ce, sai a farkon shekarun 1980 masu gidaje suka fara bai wa matasan Turawa masu yawo da jaka a baya hayar ɗakunan saman bene. Ba zan ɓoye ba, titin yanzu kiɗa ne da giya har tsakar dare kuma ba shi nake nema wa Abuja ba, ni ma can gefe nake sauka kusa da masallacin Chakraphong inda ake samun abincin halal. Tsarin gadon nake magana, shi ne abin ɗauka.

Na san me wasu za su ce, wai zai zama matattarar 'yan ƙwaya da masha'a ko maɓoyar ɓarayi. To ai yanzu da ba rajista ba komai ne ba a san wa ya kwana a ina ba. In aka yi shi bisa ƙa'ida, kowa ya nuna katin NIN a rubuta, ginin maza daban na mata daban da mace mai kula da su, a sa mai gadi da kyamara a ƙofa, a ƙayyade kwanakin da mutum zai yi kada ya mayar da wurin gidansa, ina matsalar take? Kuma mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, a Salaga da zangon Kumasi wajen fatoma suke sauka, ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye ya karɓi la'adarsa. Haka Sabo ta Ibadan ta ginu a kan masu gida da ke sauke 'yan shanu da 'yan goro. Mu da muka gaji wannan bai kamata a ce ɗanmu na kwana a tasha a babban birnin ƙasarsa ba.

Roƙona na farko ga gwamnoninmu na Arewa ne. Jihohi suna da ofisoshin hulɗa da gidajen saukar gwamna a Abuja, wasu a Asokoro, yawancin shekara ɗakunan a rufe. Me zai hana kowace jiha ta kama gini ɗaya a Kubwa ko Lugbe ko Karu ta zuba gadaje, ɗan jiha ya nuna takardar gayyatar intabiyu ko ta asibiti ya biya ɗan abin da zai isa wanki da wuta da ruwa? Kubwa ma ga tashar jirgin ƙasa na Kaduna da ya fara aiki tun 2016, mutum na sauka sai masauki.

Na biyu masu kuɗinmu, masu gina plaza da estet, don Allah ku duba wannan, kasuwa ce mai riba domin gado takwas a ɗaki ɗaya ko da araha aka bayar ya fi ɗakin otal da ke kwana ba kowa, wanda kuma ya yi shi waƙafi ladansa na wajen Allah. Ita kuma hukumar birnin tarayya ta fito da lasisi na musamman mai sauƙin kuɗi, ta riƙa zuwa duba tsafta da ƙofar fita in gobara ta tashi da yawan mutanen da ake sawa a ɗaki, kada a bar shi a hannun masu cusa mutum ashirin a ɗakin da ba taga.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
daga Fagge, Kano.