Wane DJ ɗin baƙonku yake yabo?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Asabar ya ɓata mini rai. Baƙon nan naku ya yi ta nanata cewa DJ mai fasaha ne, mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai, ƙwarai" yake yi. Wane DJ ɗin? Irin wanda muke ɗaukowa ƙauyukanmu?

Kool Herc, DJ ɗin nan na Amurka da baƙon ya kafa hujja da shi, ai na san labarinsa. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, faifan garmaho biyu iri ɗaya yake ɗorawa. Wurin da ganga ta fi daɗi, in ya ƙare a wannan sai ya dawo da shi a wancan, don kada ƙafar masu rawa ta huce. Shi ma ana biyan kuɗin shiga, ban ce kyauta ya yi ba. Amma idonsa na kan fili. Namu idonsu na kan aljihu.

Bayan girbin bana muka aurar da ƙanwata. Naira 45,000 muka biya wani yaro daga cikin gari, man janareto namu, kuɗin Keke Napep da ya ɗauko lasifikoki namu. Ya zo da memori da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da kyauro. Wallahi waƙa ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Da ƙawayen amarya sun fara ɗaukar zafi sai ya katse, ya ɗau makirfo: "Ina dangin ango? Ba a gani a ƙasa ba!" Gwaggona, tsohuwa, ya kira sunanta har sau uku, sai da ta kwance bakin zane ta liƙa kuɗin motarta don kunya. Wata waƙa kuwa sau biyar ya saka, ba wanda ya tashi. Daga baya yaronsa mai jan waya yake faɗa mini mawaƙin ne ya ba su na goro.

Kada a ce mini ai maroƙa ma haka suke. Mai kalangun garinmu, Allah ya jiƙansa, shi ma don kuɗi yake kiɗa, amma ya san taken mahauta, ya san na manoma, ya san kakan kowa. In ya ga rawa ta yi sanyi, a hammatarsa yake matse tsarkiya ya sauya murya, bai taɓa ajiye makaɗi yana jiran a biya ba. Me ya hana ku gayyato irinsa ku haɗa su da baƙon naku?

Sannan don Allah wannan tallar maganin basir da kuke jefawa tsakiyar shiri, da kalaman da ba a faɗa gaban yara, mu fa a tsakar gida muke kunna rediyo, da iyayenmu a zaune. Na kira layinku ranar har katina ya kusa ƙarewa, ba a ɗauka ba.

Naku,
Mai sauraro daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa