Ciwon Auta da Abin da Na Koya a Kan Fararen Ƙwayoyin Jini

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Saƙonka ya iso tun makon jiya, kuɗin ma sun shigo, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti da ƙanina Auta, kuma tambayarka ba ta amsuwa a waya cikin minti biyu. Ka ce tunda ƙarancin jini ne, me ya hana a ƙara masa leda biyu a sallame mu, kuma don me muke hana 'yan dubiya shiga? Wallahi ni ma haka na ɗauka da farko.

Da kasala abin ya fara. Yaron da ke buga ƙwallo har magariba sai ga shi yana haki daga ɗaukar bokitin ruwa. Muka ce maleriya ce, muka ce taifot. Hajiya ta dage da zogale da hanta. Ranar da hankalina ya tashi ita ce da asuba, na gan shi yana aswaki, jini na zuba daga dasashinsa ya ƙi tsayawa, ga wasu ɗige-ɗige ja a ƙaurinsa kamar an yayyafa barkono. Da aka gwada jininsa, aka kuma ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, likita ta ce sunan ciwon aflastik anemiya, wato ɓargo ya daina haifar da jini. Inda ya kamata a ga ƙwayoyi cike, sai kitse. Ba sikila ba ce, kuma ba sankarar jini ba ce, don na san za ka tambaya.

Ashe ɓargo abu uku yake samarwa: jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga jiki, da ƙananan da ke daskarar da jini idan an yanke, da farare masu yaƙi da cuta. A wannan ciwon duka ukun ne ke faɗuwa. Na farko da na biyu ana iya ƙara wa mutum daga jinin wani, shi ya sa bayan an ƙara wa Auta jini fuskarsa ta dawo, har Hajiya ta yi hamdala ta ce a haɗa kaya. Sai likita ta zaunar da mu ta ce ba can haɗarin yake ba.

Ga yadda na fahimta. Lafiyayyen mutum yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a ɗan ɗigon jinin da suke kira maikrolita. Amma fararen iri-iri ne. Akwai niyutrofil, su ne 'yan sintirin da ke fara afka wa ƙwayar cuta da zarar ta shigo. Jar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ita kuwa niyutrofil sa'o'i take yi a cikin jini, iyakarta 'yan kwanaki. Kullum sai ɓargo ya zuba sababbi. Idan ya tsaya, nan da nan sai su ƙare, kuma gajeren ransu ne ya sa ba a saba ƙara su a leda kamar sauran ba. Idan niyutrofil suka yi ƙasa da 500, yana cikin alamomin da ake cewa ciwon ya yi tsanani. Ƙasa da 200 kuwa ya kai matuƙa. Na Auta 300 aka samu.

Yanzu idan aka miƙo mini takardar gwaji ba na tsayawa kan jimillar fararen, layin niyutrofil nake nema da yatsa. Dalili shi ne akwai wani iri, limfosayit, da ba ya faɗuwa sosai, sai ya sa jimillar ta yi kamar da dama-dama. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne, a yawancin masu ciwon wasu daga cikin waɗannan limfosayit ɗin ne ke juyowa su kashe ƙwayoyin asali na ɓargo, masu haifar da sauran. Likitar ta kuma ce mu mutanen Afirka ta Yamma da yawanmu niyutrofil ɗinmu a halitta ya ɗan gaza na Turawa kuma lafiyarmu ƙalau, don haka kada ka firgita idan ka ga naka ya ɗan yi ƙasa.

Ka san mugunya? Yawancinta gawarwakin niyutrofil ne. Wanda ba shi da su, ƙurji zai iya cinsa a ɓoye, ba kumburi sosai, ba mugunya. Sau da yawa zazzaɓi kaɗai ne alamar. Shi ya sa ma'aunin zafin jiki ke kusa da matashin Auta. Idan ya kai 38, ba a ba shi farasitamol a jira gari ya waye, asibiti ake nufa ko ƙarfe biyun dare ne, a sa masa maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Daren Laraba haka ta faru. Yana zaune muna hira, ya ce yana jin sanyi, kafin in samo ɗan sahu jikinsa na karkarwa. Ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba.

To ka ga dalilin hana dubiya. Wasu dangi sun ji haushi, an ce mun mayar da kanmu Turawa. Amma murar da za ta bar ka cikin kwana uku, shi tana iya kai shi kwance. Mai shiga sai ya wanke hannu da sabulu ya sa takunkumi. Mun daina ba shi salak da kwaɗon ɗanyen ganye da nonon da ba a dafa ba. Ƙurar shara da rumar ɗaki ma ana kiyaye masa, saboda funfuna na iya kama huhu.

A mafi yawan mutane ba a gano musabbabi. Sai dai an san wasu abubuwa na jawo shi, kamar sinadarin benzin da ke cikin fetur, da wasu magungunan ƙwari na gona, da kloramfenikol, kafson nan da ake saye a kemis don taifot. Don Allah kada ka bari yaranka su sha shi ba da umarnin likita ba.

Magani hanya biyu ce. Ko dashen ɓargo daga ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kowannenmu yana da damar ɗaya cikin huɗu ya dace da shi, ko kuma a danne garkuwar jikin da wani magani ATG da ake samu daga jinin doki, haɗe da wani maganin mai suna siklosforin, a jira wata uku zuwa shida a ga ko ɓargon zai farfaɗo. An hana mu 'yan'uwansa ba shi jini, don kada jikinsa ya ƙi ɓargonmu daga baya. Abokan ƙwallonsa ne suka yi layi suka bayar, Allah ya yi musu albarka.

Ranar Litinin za a ɗebi jinina da na Yaya don gwajin dacewar. Ka sa mu a addu'a, ka kuma kira Auta bayan isha'i, lokacin ne kaɗaici ya fi damunsa. Ka gaida mutanen gida.

Naka amini har kullum.