Zuwa Ga Ƙanena Mai Koyon Fenti

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna da sauran 'yan gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai yawan aiki. Inna ta faɗa mini ka dage da koyon fenti, har an fara barin maka ɗaki kai kaɗai. Na ji daɗi ƙwarai, shi ya sa na zauna in rubuto maka abin da idona ya gani a nan.

Bangon cikin gida a nan yawanci allon jifsam ne, mai takarda ciki da baya. Ana ɗaure shi da sukuru a jikin katako ko ƙarfe, a rufe mahaɗar da tef da foti, a goge, sannan fenti. Kayan aikin babu wani abin mamaki a cikinsu. Ƙananan ɗabi'u ne suke sa aikin wani ya fi na wani kyau.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta tocila. Kafin a buɗe gwangwanin fenti, maigidana yakan kashe fitilar ɗaki, ya jingina tocila da bango, hasken ya bi jikinsa ta gefe. Wallahi bangon da za ka rantse sumul yake, sai ka ga kowane ɗan tudu da rami ya fito da inuwarsa. Ya zagaye su da fensir, mu gyara. Fenti ba ya rufa wa bango asiri, balle mai sheƙi. Don Allah ka fara wannan tun gobe, ko da fitilar wayarka ce.

Foti kuma sau uku ake shafa shi, kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya fi na baya faɗi: a fara da wuƙar foti mai inci 6, a ƙare da mai inci 12. Wanda ya lafta shi da kauri don ya gama da wuri, idan ya bushe sai ya motse ya tsattsage, ya wuni yana fama da samfefa. Kada ka mayar da ragowar da ke hannunka cikin bokiti, kuma ka riƙa share gefen bokitin. Ɗan busasshen ɓarɓashi guda ya isa ya ja maka layi daga sama har ƙasa. Shi ma sukuru, kansa ya ɗan nutse amma kada ya yaga takardar. In ya yaga, ba ya riƙe komai, a ƙara wani kusa da shi. Ka bi kansa da wuƙa, in ka ji ƙyas, bai shiga ba.

Bayan guga, a share ƙurar, a shafa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, domin foti da takarda ba sa shan fenti daidai, in ba a shafa ba dabbare-dabbare za su fito. In ɗaki zai ci gwangwani biyu ko uku, ka juye su a bokiti ɗaya ka gauraya, don launi yakan ɗan bambanta. In ka kama bango, kada ka tsaya a tsakiya har gefen ya bushe, sai ka kai kusurwa.

Kuma ka sa takunkumi lokacin guga. Wannan ƙurar ƙirji take shiga, ba na so in ji kana tari.

Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce su ci gaba da sa ni a addu'a. Ka turo mini hoton ɗakin da kake yi yanzu in gani.

Yayanka.