A ba Jami'ar Khartum haƙƙinta a tarihin ƙwallo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna bin shirinku na wasanni a nan Gadarif, Allah ya saka da alheri. Sai dai duk sanda aka zo kan ƙwallon Sudan, daga ƙungiyar Hilal sai ta Marrikh, alhali tushen abin yana makaranta.

Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, wadda ta zama Jami'ar Khartum a 1956, tana cikin wuraren farko da 'yan ƙasa suka koyi taka leda. Ɗalibanta ne suka riƙa komawa garuruwansu da wasan. A wannan kwaleji Dakta Abdel Halim Muhammad ya yi karatu, ya wuce makarantar likitanci ta Kitchener, wadda ita ma daga baya ta shige cikin jami'ar. Wannan likita yana cikin waɗanda suka zauna a otal ɗin Grand a Khartum a watan Fabrairun 1957 suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, tare da wakilan Masar da Habasha da Afirka ta Kudu. A watan ne kuma aka buga Kofin Afirka na farko a birnin, ƙasashe uku kacal, domin Afirka ta Kudu ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da fari. Lokacin da Sudan ta doke Gana da ci 1 da nema ta ɗaga kofin a 1970, shi ne shugaban CAF. Ga kuma Farfesa Kamal Shaddad, malamin falsafa a jami'ar, wanda ya daɗe yana jan ragamar hukumar ƙwallon ƙasar kafin ya sauka a 2021.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, in ka bi ta filin gabas na jami'ar bayan la'asar za ka tarar da ɗalibai sun jibge littattafai a gefe suna fafatawa, masu shayi na hura gawayi a gindin bishiya. Yau wurin ya ga ɓarna, kuma tsorona shi ne in an zo gyara a ce fili ya jira tukuna.

Don Allah ku ware wa wannan tarihi shiri guda. Iyaye da yawa a nan da Mai Wurno da Kassala suna ganin yaron da ya kama ƙwallo ya yi sallama da karatu, su kuma yaran suna barin aji saboda ita. Ina so dukkansu su ji labarin Dakta Abdel Halim da harshensu.

Naku mai sauraro,
daga Gadarif, Sudan