Wasiƙa zuwa ga Uwata kan kwamfutar da za ki saya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan Funtuwa lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta fara fita unguwa.

Maganar da muka fara a waya ranar Juma'a ce ta sa na zauna rubutu. Layin ya yi ta katsewa, kuma magana ce da na fi so ki samu a rubuce, ki riƙe ta har kasuwa. Kin ce kin ɗauki adashinki, za ki sayi kwamfuta ta gida don shirya darussa da buga jarrabawar ɗalibanki, kuma don babban yaron ya saba da ita kafin lokacin JAMB. Na ji daɗin wannan shawara ƙwarai. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma na ga yara masu ƙoƙari da suka shiga ɗakin jarrabawa hannunsu na rawa don ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Kin ce za ki sa mai shago ya cire Windows 11 ya mayar miki da Windows 10, ko ma Windows 7 irin ta tsohuwar kwamfutarki, saboda kin taɓa ta makarantarku kin rasa inda komai yake. Ina roƙonki kada ki yi haka.

Ga dalili. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. An ba da ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista ta musamman, amma wannan lallaɓawa ce ga mai tsohuwar na'ura, ba abin da mai sayen sabuwa zai dogara da shi ba. Daina kula ba ya nufin kwamfutar za ta mutu. Za ta kunnu, za ta buga takarda kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da ake aiko mata duk wata don toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Gida ne da gininsa ke tsaye, amma an daina gyara masa katanga bayan kowace damina. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da ɗari, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. An fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru, waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba. Ke kuma a wannan kwamfuta za ki riƙa buɗe imel, ki cike wa yara takardun makaranta, wataƙila har ki shiga asusun banki. Ban yarda ki ɗora duk wannan a kan abin da mai shi ya riga ya saki ba.

Na san abin da kike ji, domin na ji shi fiye da sau ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina bugu da tafireta kafin a kawo kwamfutar farko ofishinmu. Yatsuna sun san nauyin kowane harafi, kunnena ya san ƙararrawar ƙarshen layi, in na yi kuskure a kan sitansil na san yadda zan shafa masa jan ruwan gyara. Ranar da aka zaunar da ni gaban allo sai na ji kamar an ƙwace mini sana'ata a gaban yaran da na koya wa aiki. Abin da ya fi ciwo ke nan, ba wahalar koyon ba. Akwai abokin aikina, mutumin kirki, ya fi ni saurin bugu nesa ba kusa ba. Ya ce shi da tsohuwar zuma yake magani, ya ƙi taɓa na'urar. Cikin shekara uku aiki ya daina zuwa teburinsa, ya riƙa wuni yana karanta jarida har ya yi ritaya. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci, don ba basira ya rasa ba, mako biyu na haƙuri kawai ya hana kansa. Ni na daure. Bayan nan na ga Windows XP da ta fito a 2001, muka saba da ita har muka ɗauka ba za a sake wata ba. Windows 7 ta zo a 2009. A 2012 Windows 8 ta cire maɓallin farawa ɗungurum, jama'a suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi. Kowane sauyi na yi kwanaki ina lalube, kuma kowane sauyi na wayi gari wata rana hannuna yana zuwa wurin da kansa.

Abin da ya ruɗa ki a Windows 11 bai kai yadda kike zato ba. Maɓallin farawa da kika saba gani a kusurwar hagu ta ƙasa an kawo shi tsakiya. In bai yi miki ba, ki shiga saiti, ɓangaren sandar ƙasan allo, akwai wurin da za ki zaɓi hagu, ya koma mazauninsa. In kin danna linzami ta dama a kan fayil, jerin da ke fitowa ya gajarce, kwafa da yankewa da sauya suna sun zama 'yan hotuna a jere. Tsohon jerin yana nan, layin ƙarshe na ƙasa ne ke buɗe shi. Ctrl da C, Ctrl da V, Ctrl da S, Ctrl da Z, duk suna aikin da kika san su da shi. Haruffan ma suna zaune yadda suke a tafiretar da na fara aiki da ita. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in daina farautar abu da ido: in danna maɓallin Windows, in rubuta haruffan farko na sunan abin da nake nema, ya fito. Ki riƙe wannan kaɗai, rabin damuwarki ta tafi.

Yanzu maganar saye, a nan nake so ki buɗe ido. Na san kuɗin ba lallai ya kai sabuwa dal a kwali ba, kuma ta hannu mai kyau ba abin kunya ba ce, tawa ma ta hannu ce. Amma tun da Windows 10 ta ƙare, kamfanoni a Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, kuma irin waɗannan kaya kasuwanninmu suke nufowa. In kin je kasuwar Farm Centre ta Kano za ki ga masu sheƙi, masu araha, har da Windows 11 a kan allonsu. Ganin ta a allo ba shaida ba ne. Akwai dabarar da ake cusa ta a na'urar da ba ta cancanta ba, kuma Microsoft ta faɗa a fili cewa irin wannan ba ta da tabbacin samun gyaran wata-wata. Don haka ki sa a buɗe miki saiti, shafin da ke bayanin na'urar, ki karanta sunan ƙwaƙwalwarta da idonki. In Intel ce, za ki ga abu kamar i5-8250U. Lambar farko bayan 'yar sandar ita ce zubin, nan 8 ke nan, amma daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa. Daga 8 zuwa sama ake so, wato 8, 9, 10, 11 da abin da ya biyo baya. In kin ga i5-6200U ko i7-7500U ki ajiye, komai kyanta. Kada i7 ta ruɗe ki, i7 zubi na 6 ta tsufa fiye da i5 zubi na 8, kuma masu sayarwa sun san mutane i7 kawai suke ji. Tana kuma buƙatar wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Akwai manhajar Microsoft ta kyauta, PC Health Check, in an kunna ta za ta faɗa miki ko na'urar ta cika sharuɗɗa.

A takarda Windows 11 tana karɓar RAM, wato wurin da take riƙe aikin da take kai, 4GB da ma'ajiya 64GB, amma da wannan za ki yi ta jira ne kawai. Kada ki sauka ƙasa da 8GB, ma'ajiyar kuma ta zama SSD, aƙalla 256GB. Mai shago zai iya nuna miki 500GB ko 1TB na tsohon faifai mai juyawa ya ce ya fi yawa. Ya fi yawa, amma SSD ta fi shi sauri ninkin ba ninki, kuma ba ta da abin da ke juyawa a ciki balle ya lalace in yaro ya girgiza tebur. Saboda halin wutarmu, ta tafi-da-gidanka ta fi miki ta tebur, batirinta zai riƙe ki in an ɗauke wuta kina tsakiyar aiki. Ki sa a cire caja ki zauna da ita minti ashirin ki ga yadda batirin ke sauka. Ki danna kowane harafi, ki gwada kowane rami da filashinki, ki duba kyamara da lasifika. Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da kwanakin da za a iya mayarwa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ki tafi da maigidanki ko ƙanenki, ido biyu ya fi ɗaya.

Abu na gaba shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi. Windows 11 tana neman intanet da asusun Microsoft ranar da aka fara kunna ta. Yaran shago, don su sallame ki da wuri, sukan sa nasu imel ko su ƙirƙiri wani su manta kalmar sirrinsa. Kada ki bari. Ki buɗe da imel ɗinki da lambar wayarki, ke da kanki. Dalilin ya wuce na sirri. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle abin da ke cikin ma'ajiya da wani tsari mai suna BitLocker, kuma mabuɗinsa lamba ce guda 48 da ake ajiyewa a wannan asusun. Wata rana bayan gyara tana iya tsayawa ta ce sai an ba ta lambar. In asusun na wani yaro ne da ya bar kasuwa, duk abin da ke ciki ya tafi, babu mai gyaran da zai fito miki da shi. Ki kwafi lambar a takarda, ki sa ta inda kike ajiye takardun haihuwar yara.

Kada kuma ki bari a cika miki ita da manhajojin sata, musamman waɗanda ake cewa na kashe cuta. Windows 11 da mai gadinta take zuwa, kuma ya isa. In kuɗin Office bai samu yanzu ba, LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel. Batun data kuwa, tana da ci in an sake mata. In da wayarki za ki haɗa ta, ki nuna mata a saitin intanet cewa layin na awo ne, za ta rage jan abubuwa a ɓoye. Amma sau ɗaya a wata, gyaran yakan fito ranar Talata ta biyu, ki ba ta data da cikakken caji ta sabunta kanta, kuma kada a kashe ta tana tsakiyar yi.

Tsohuwar kwamfutar, kada ki bayar da ita ko ki sayar sai kin kwashe komai. Hotunan bikinki suna ciki, da na sunan yara, da hotunan marigayiya kakarki wadda kika ci sunanta, waɗanda ba na jin akwai su a wani wuri. Na taɓa rasa aikin shekara biyu a dare ɗaya da faifai ya mutu, ban so ki ɗanɗani wannan. Ki kwafa a wuri biyu, sabuwar kwamfutar da wani faifai na waje, ki buɗe ki tabbatar sun buɗu kafin ki goge na tsohuwar. OneDrive, wurin ajiya na Microsoft a intanet da za ta yi ta tallata miki, 5GB kawai take bayarwa kyauta, ya ishi takardu, bai ishi hotuna ba. Ki gwada tsohuwar firintarki da wuri, wasu tsofaffin sai an sauko musu da sabuwar manhaja daga shafin kamfaninsu.

Ki buɗe wa yara nasu asusun daban, marar ikon saka manhaja, kuma a ajiye kwamfutar a falo inda kowa ke wucewa. A rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, kada a ɗora ta a kan katifa tana aiki, ta ƙasa take shan iska. Sannan ga wata buƙata tawa. A saitin harshe ki ƙara Hausa, akwai allon haruffanta a ciki, maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara ne ke sauya miki tsakaninta da Turanci. Ke malama ce, ina so takardun da ke fita daga hannunki su bambanta ƙasa da kasa, ɗaki da daki, yaran su tashi suna ganin haruffansu da lanƙwasarsu.

In kun je kasuwa kun ga wadda ta kwanta muku, ki ɗauki hoton shafin bayanin nan ki turo mini kafin ki biya, zan riƙe wayar kusa da ni ranar Asabar. In kin kawo ta gida, amsar wannan wasiƙa ta zama abin farko da za ki buga a kanta.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yaran. Mahaifiyarki tana gaishe ku, ta ce a faɗa miki daddawar da kika ce tana nan an ajiye. Allah ya sanya albarka a abin da za ki saya, ya yi muku albarka baki ɗaya.

Wassalam,
Mahaifinki.